Wasiƙa zuwa ga aminina game da waƙar nan ta Turin

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya tare da iyali, kuma aiki yana tafiya yadda ake so.

Na karanta wasiƙarka, na kuma ga inda ka ce waƙar "Blue (Da Ba Dee)" ta ƙungiyar Eiffel 65 sa'a ce kawai ta ɗaga ta, tun da masu sharhi ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Ka yi mini haƙuri, aminina, ban yarda da wannan magana ba, kuma ina so in faɗa maka dalilina.

Matasa uku ne suka yi ta a birnin Turin na Italiya, wato Jeffrey Jey mai rerawa, da Maurizio Lobina mai kaɗa fiyano, da Gabry Ponte mai haɗa sauti, a ƙarƙashin kamfanin Bliss Corporation. Da ta fito a ƙarshen shekarar 1998 babu wanda ya waiwaye ta, domin su da bakinsu sun ce faifan da aka sayar a lokacin bai wuce kimanin 200 ba, har sun fid da rai sun kama wani aikin. Sai a 1999 gidajen rediyon Italiya suka fara sanya ta, daga nan kuma ta tsallaka iyaka ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Jamus da Faransa da Ostireliya da Kanada da wasu ƙasashe da dama, alhali a Italiya kanta matsayi na 3 ta tsaya.

Abin da ya faru a Birtaniya shi ne babbar hujjata. Tun kafin a fitar da ita a hukumance a ƙasar, masu shagunan faifai sun riƙa shigo da ita daga ƙetare saboda yawan masu zuwa neman ta, har wannan ciniki kaɗai ya shigar da ita cikin waƙoƙi 40 da suka fi kasuwa. Ka duba fa, ba a riga an yi mata talla ba, mutum ne kawai zai ji ta a gidan rawa ko a wurin hutu, ta maƙale masa a kai, ya dawo gida ya shiga shago yana tambaya. Da aka fitar da ita a watan Satumba na 1999 ta yi mako uku tana kan gaba, kuma a ƙarshen shekara waƙa ɗaya tak, ta Britney Spears, ita ce ta fi ta ciniki. A Amurka, inda kiɗan rawa na Turai bai cika samun shiga ba, ta kai matsayi na 6 a jerin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard a farkon 2000, kundinsu Europop kuma ya kai na 4.

Masu sharhi kuwa sun rabu. Wasu sun yaba da daɗinta amma suka ce ta ɗan lokaci ce, wasu suka kushe baitocinta da amshinta marar ma'ana, har daga baya mujallar Rolling Stone ta jera ta cikin waƙoƙin da suka fi gundurar mutane. Muryar ma ta sha suka, saboda an bi da ita ta cikin na'ura ta fito kamar ta mutum-mutumi, aka yi ta kwatanta ta da irin muryar da mawaƙiyar Amurka Cher ta yi amfani da ita a waƙarta "Believe" a 1998. Mu da kunnenmu ya saba da irin wannan murya a waƙoƙin finafinan Kano mun san yau ba baƙon abu ba ne, amma a wancan lokaci baƙon abu ne ga mutane da yawa. Duk da haka an saka ta cikin masu takarar Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka, a ɓangaren kiɗan rawa a 2001, ko da yake ƙungiyar Baha Men ce ta lashe.

A ganina kuskuren masu sukar shi ne sun auna ta da ma'aunin baiti, alhali ƙarfinta yana cikin ɗan kiɗan fiyanon nan da Lobina ya tsara. Ka saurare shi shi kaɗai, za ka ji akwai wani ɗan baƙin ciki a cikinsa, yana hawa yana sauka a hankali, ganga kuma tana dukan gaggawa a ƙarƙashinsa. Wannan haɗin ne yake kama zuciya, kuma shi ne mai haɗa sauti David Guetta da mawaƙiya Bebe Rexha suka ɗauka suka ɗora sababbin baitoci a 2022, waƙar tasu ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, ta kai na 4 a Amurka, a hannun yaran da ba a ma haife su ba lokacin da ta asalin ta fito. An sauya baitocin da aka yi ta suka, kiɗan bai rasa komai ba, shi ya sa nake ganin ba a kyauta wa mutanen Turin ɗin nan ba idan aka ce sa'a ce kawai.

Ina roƙonka ka sake sauraren ta asalin a natse, ka mai da hankali kan fiyanon, sannan ka rubuto mini abin da ka ji. Ka gaishe mini da mai ɗaki da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini.