Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Mahaya Keke, Damagaram

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhaji shugaba ya ce in rubuta wannan rahoto kafin babban taro, don wanda ba ya zuwa zama ma ya gani a wayarsa, kada gobe ya ce ba a gaya masa ba. Zan fara da maganar kuɗi, domin in na bar ta sai ƙarshe na san inda wasunku za su ajiye karatun.

A littafi mu 46 ne. Zubin wata jika guda ne, kuma ku kuka yanke shi da bakinku. Waɗanda suka biya wata 12 cif su 14 ne. Mutum 11 sun biya rabi da rabi. Sauran kuwa, tun ranar da aka rubuta sunansu ban ƙara ganin ko dala tasu ba. Akwai wanda na bi har shagonsa a kasuwar Dole sau uku, ya ce in dawo bayan sallah. Ƙarama ta wuce, babba ta wuce, ban san wacce yake nufi ba. Ni sakatare ne, karɓar kuɗi ba aikina ba ne, tafiye-tafiyen Malam ma'aji ne suka jefo mini shi, kuma man da nake ƙonawa a babur wajen bin ku daga aljihuna yake fita.

Da wannan za ku fahimci dalilin da rumfar gyaran kekuna ta tsaya. An sayi ƙarafa, an kafa su, kuɗin kwano ne babu. Na ji ana cewa a majalisa wai kuɗin rumfa aka kwashe aka yi yawon Abzin da shi. Ba haka ba ne. Duk wanda ya tafi shi ya biya wa kansa abinci da rabonsa na mai, asusun ƙungiya kayan faci da akwatin magani kawai ya saya, rasit kuma yana nan ga mai son gani. Riguna ma haka. Mun ba tela rabin kuɗi, ya ɗinka goma, ya ce ba zai taɓa sauran ba sai ya ga cikon. Ban ga laifinsa ba. Tseren yara da muka ce za mu shirya kan hanyar Mirriya bai yiwu ba, saboda ana bukatar a ƙalla mutum goma su tsaya a mararraba suna tare ababen hawa, ranar da aka kira masu sa kai kuwa mutum uku suka ɗaga hannu. Ba zan saki 'ya'yan mutane a kan kwalta da mutum uku ba.

Zaman wata-wata an yi tara cikin goma sha biyu, fitar safiyar Lahadi kuma tana nan yadda kuka sani.

Yanzu ga abin da ya wanke mana fuska bana, wato hawan duwatsun Abzin. Shekara uku muna faɗarsa a baki, sai cikin sanyin nan Allah ya nufa. Mu takwas muka tafi, da direba ɗaya da ya biyo mu da ruwa da kaya. Matsalarmu tun farko ita ce Damagaram ba ta da hawa mai tsawo. Duwatsun Birni na kallo ne, kafin ƙafa ta ɗumama ka kai sama. Saboda haka wata biyu muka yi muna fita hanyar Tanut da asuba, muna fuskantar iskar hunturu, kowa da bidon ruwa cike ɗaure a bayan keke don nauyi. Masu yi mana dariya a tasha sun yi, amma ba don wannan ba da ba mu kai ko rabin hanya ba.

Mun ɗora kekunan a mota muka bi ta Tanut da Adarbisanat zuwa Agadas, tafiyar kusan kilomita 450. A Agadas muka kwana biyu, muka sanar da hukuma hanyar da za mu bi, muka ɗauki ɗan jagora Buzu wanda ya san ƙasar, domin wurin ba a shigarsa da ka. Mun yi sallar Juma'a a babban masallacin nan mai hasumiyar laka, washegari muka hau keke muka nufi Dabaga, daga nan Elmeki.

Ga waɗanda ba su sani ba, gabashin waɗannan duwatsu da wani yanki na hamadar Tenere gandu ne da gwamnati ta keɓe tun 1988, faɗinsa ya kai hekta miliyan 7.7, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991. Can gabas da hanyarmu jagora ya nuna mana Bagzan, inda dutse mafi tsawo a Nijar yake, mita 2,022. Mu dai ba can muka nufa ba, Timiya ce burinmu, kuma ta ishe mu.

Bayan Elmeki ne aka san na ƙwarai. Babu kwalta, hanyar baƙin dutse ce da tsakuwa, sai ta gangara da kai cikin kori mai yashi inda taya ke nutsewa, ka sauka ka tura, ka fito sai ga hawa a gabanka. In ka miƙe tsaye kan feda don ka ƙara ƙarfi, tayar baya ta zame a tsakuwa. Dole ka zauna, ka sa ƙaramar giya, ka yi ta juyawa a hankali kamar mai niƙa. Da asuba yatsu ba sa iya kama birki don sanyi, kafin azahar kuma dutsen ya ɗau zafi yana mayar maka da shi a fuska. Babu mai magana. Numfashi kawai kake ji da ƙarar sarƙa. Ruwanmu mun zuba masa ɗan gishiri da sukari saboda ɗaurewar jijiya, guzurin aljihu kuma dabino da cuku. Ƙaya ta huda mu har sai da na daina lissafin faci.

Abin da ba zan manta ba shi ne Baba, dattijonmu, wanda wasu suka ce kada a tafi da shi. A hawa mafi tsanani ƙafarsa ta ɗaure, ya sauka ya zauna kan dutse yana matsa cinya. Direba ya matso ya buɗe masa ƙofa, ya ce, Baba, shigo mu ƙarasa. Ko kallonsa bai yi ba. Ya sha ruwa, ya tauna dabino biyu, ya kama kan keken ya tura shi da ƙafa har ƙoli, samari na sama suna jiransa suna tafi. Da ya iso sai ya ce da ƙaramin cikinmu, yaro, ba ni wuri in zauna, ai tare muka zo. Wannan dattijo, in tuna muku, bai taɓa tsallake zubin wata ɗaya ba.

Gangara ta fi ba ni tsoro. Birki yana ta cin ƙarfen taya har ya yi zafin da ba ya taɓuwa, sai mun tsaya ya huce. Mutum ɗaya ya faɗi ya ɗaye gwiwa, akwatin maganin da ake tsegumi a kansa ya yi ranarsa.

Sai ga Timiya. Bayan kwana uku ido bai ga komai ba sai baƙin dutse, kwatsam ga kore: lambunan lemu da rumman da dabino, raƙumi yana jan guga daga rijiya, ruwa na bin ƙananan magudanai zuwa fangali. Tsohon sansanin sojan Faransa yana bisa tudu yana kallon garin. Mutanen wurin suka shimfiɗa mana tabarma, aka dafa shayi zubi uku, aka cika mana hula da lemu. Washegari muka je inda ruwa ke zubowa daga dutse kusa da garin, muka tsoma ƙafafun da suka kumbura. Mun so mu zarce hanyar Iferwan mu ga kangon tsohon garin Asode, amma tayoyin ajiya sun ƙare, kwanakin da aka ba ma'aikatan cikinmu ma sun ƙare, sai muka juyo a mota.

Da muka sa hotuna a WhatsApp, mutanen da ban ji muryarsu ba tun bara su suka fara rubuta "ƙungiyarmu ta yi abin kirki", har da masu tambayar me ya sa ba a gaya musu ba. An faɗa a zama huɗu a jere. Shawarar da zan kawo gaban taro ita ce, tafiyar baɗi kada a rubuta sunan wanda ake bi bashin fiye da wata uku, ko wanda bai fito atisaye ba. In taro ya ƙi, to, a nemo wani ya karɓi littafin.

Babban taro ranar Lahadin farko ta watan gobe ne, bayan la'asar, a ƙofar gidan Alhaji shugaba. Kowa ya zo da abin da ake bin sa. Wanda kuma ya ari babban famfon ƙungiya tun kafin azumi, ya taho da shi.

Sakataren ƙungiya