Godiya Ga Masu Kula Da Esin Benenmu A Titin Gidan Zoo

Assalamu alaikum.

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan kamfanin da ke kula da na'urorin sanyaya ɗaki a benen da muke haya a Titin Gidan Zoo, Kano.

Na zaɓi in yi godiyar nan a bainar jama'a ne, domin a garin nan idan mai gyara ya cuce mu sai kowa ya ji, idan kuma ya kyauta sai mu yi gum. Ni mai shagon magani ce a ƙasan benen, kuma a sana'ata sanyi ba na jin daɗi ba ne. Yawancin magunguna an rubuta a kwalinsu kada zafin ma'ajiya ya wuce digiri 30, wasu ma 25, alhali a watan Afrilu zafin Kano yakan haura 40. Idan esi ya tsaya da tsakar rana, mai saye zai yi fifita ya kama gabansa, ni za a bari ina kallon jarina yana dahuwa a kan kanta.

Kafin zuwanku mun ga ta kanmu. Sai abu ya mutu ake neman mai gyara. Ka kira, ya ce ga shi nan bisa hanya, sai la'asar ɗin gobe ka gan shi. Ko murfi ba zai buɗe ba, zai tara hannu a bakin iska ya girgiza kai: "Hajiya, gas ne ya ƙare." A ɗauko tulu, a ɗura, a biya. Bayan 'yan makonni sanyi ya sake janyewa, wani ya zo ya karanto maka karatun ɗan'uwansa. Akwai wanda ya kwance kafasita, wata 'yar na'urar lantarki da ke cikin injin, wai zai nemo irinta a kasuwa, har yau wayarsa a kashe take. Ga ruwa na bin bango, fenti duk ya kumbura. Shi ya sa da mai gida ya ce ya ɗauki kamfanin da zai riƙa zuwa duk bayan wata uku ko babu abin da ya lalace, 'yan haya da dama suka ce wata sabuwar hanyar tatsa ce.

Wanda nake son yabawa musamman shi ne matashin injiniyan da kuka turo a ƙarshen hunturu. Abin da ya fara yi shi ne shimfiɗa leda a kan kantocin magani, ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Da ya ɗaura ma'auni ya ga gas ya yi ƙasa, sai ya ce, "Hajiya, esi ba ya shan gas yadda mota ke shan mai. A rufe yake zagayawa cikin bututu. In ya ragu, to akwai inda yake zurara." Ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a mahaɗar bututun da ke bayan gini, sai ga kumfa tana tasowa a hankali, ta fashe, wata ta biyo ta. Nan kuɗina suka yi shekaru suna bin iska! Ya gyara mahaɗar, ya zuƙe iskar da ke cikin bututun da famfo, sannan ya ɗura gas a kan sikeli daidai nauyin da aka rubuta a jikin injin. Ban taɓa ganin mai gyaran esi da sikeli ba sai ranar.

Ya kuma ce in leƙa injin waje. Ƙurar hunturu ta daskare a tsakanin siraran ƙarafan, ga gashin tsuntsu da guntun leda. Ya ce ta nan zafin ɗaki ke fita. In wurin ya toshe, kwamfureso, wato injin da ke tura gas ɗin cikin bututu, zai yi ta aiki ba hutu, yana jan wuta, har wata rana ya ƙone. Duk wanda ke biyan kuɗin wuta na Band A, rukunin da aka fi ba wuta, wanda a Afrilun 2024 aka kai shi naira 225 kowane yunit, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ya koya wa yaron shagona ya riƙa jira kamar minti uku kafin ya kunna esi idan an sauya daga NEPA zuwa janareto. Tsohon esina mai gas ɗin R22 kuwa, ya gaya mini gaskiya cewa ana janye irin gas ɗin a duniya bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987, amma in lallaɓa shi tukuna ina tanadi. Da wani ne, da a ranar ya kawo mini dillalin sabo.

Sauran aikin, wanke matatar iska, buɗe hanyar ruwa, ɗaure wayoyi, an yi su yadda ya kamata, an rubuta kwanan wata a katin da ke rataye jikin kowane inji.

Abin da ke ba ni takaici, wannan fa ba wani abin a zo a gani ba ne, aikin ke nan. Amma shiga ofisoshi da asibitocinmu ka gani: esi huɗu a bango, ɗaya ke numfashi, shi ma an tara masa bokiti. Manyan gine-gine da aka kashe miliyoyi, ma'aikata na fifita da fayil. Kuɗin sayen sabo ba ya wuyar fitowa, tunda akwai kwangila a ciki; na wanke matatar iska ne kullum babu. Masu gyaran ma ba sa son ka san komai, wai kada ka daina kiransu.

Roƙona biyu ne. Idan za ku dawo kafin damina, ku turo mana wannan yaron. Sannan ku duba yiwuwar sanya firji cikin yarjejeniyarku da mai gida, domin insulin da alluran rigakafi tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye su, kuma ba ni kaɗai ce mai irin wannan kaya a benen ba.

Allah Ya saka da alheri, Ya yi wa sana'arku albarka.

Taku,
Mai shagon magani, Titin Gidan Zoo, Kano.