Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram: a daina kashe maganar fyaɗe a zaure

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram, Alhaji Abubakar Umaru Sanda.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Ni tsohuwar malamar makaranta ce. Shekara talatin da ɗoriya na yi da alli a hannu, kusan duka a cikin garin nan, kafin ƙafafu su ce sun gaji. Na san ba haka ake kawo kuka fada ba. Hanyar da muka gada ita ce talaka ya faɗa wa mai unguwa, mai unguwa ya kai gaba. To, kukan nawa ya shafi abin da ake yi a zaurukan masu unguwannin ne, shi ya sa na tsallake, ina neman afuwa.

Bara waccan, da bazara, a layinmu, akwai wata yarinya mai shekara 12 da ke tallan awara in an taso daga makaranta. Wata rana da magariba samari uku suka kira ta cikin wani kango, wai za su saya. Ba ta dawo gida ba sai bayan isha'i. Ina gidan lokacin da ta shigo, na je aron turmi. Farantin na hannunta, kuɗin cinikin a ƙulle a bakin zane, ko dala ba ta ɓace ba. Tana rawar jiki, ba ta iya tsayuwa daidai, amma abin da ya fara fitowa daga bakinta shi ne, "Inna, kuɗin sun cika." Tsoron duka a kan ciniki ya fi mata abin da aka yi mata. Har yau in na kwanta ina jin wannan muryar.

Uwar ta yi abin da kowace uwa a nan take yi. Ta dafa ruwa ta gasa ta, ta wanke zanen tas ta shanya. Ba ta san shaida ta wanke ba. Ni ma da nake taƙamar boko ban hana ta ba, bakina ya mutu. Sai kwana na biyar aka kai yarinyar likita, bayan zazzaɓi ya rufe ta. Alhali maganin da ke kare mutum daga ƙanjamau bayan irin wannan abu sai an fara shi cikin awa 72, kwana uku ke nan, in ya wuce ya wuce. Maganin hana ɗaukar ciki shi ma kwanakinsa ƙididdigaggu ne, da wuri ya fi aiki. Mata nawa ne a unguwar Garin Malam ko Tudun Jamus suka taɓa jin wannan?

Ranka ya daɗe, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya biyo baya. An zauna a zaure. Akwai mai unguwa, akwai liman, akwai iyayen samarin, da uban yarinyar yana zaune a gefen tabarma kansa a ƙasa kamar shi ne mai laifin. Mu mata muna bayan katanga muna saurare. Na ji an ce ƙaddara ce. Na ji an ce duk ɗaya muke, a rufa wa juna asiri. Wani dattijo, wanda nake ganin girmansa tun ina budurwa, ya gyara murya ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari, me ya kai yarinya kango da magariba? Uban ɗaya daga cikin yaran ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Daga ƙarshe aka jefa wa uban yarinyar tambayar da ke karya gwiwar kowane uba: in magana ta kai kwamisariya, wajen ƴan sanda, gari ya ji, wa zai aure ta? Aka ajiye jika ɗari kuɗin magani, aka raba goro, aka shafa Fatiha. Yarinyar ba a kira ta ba, ba a tambaye ta komai ba. Sati bai zagayo ba aka tura ta ƙauye wajen gwaggonta. Samarin kuwa washegari suna bakin titi suna dafa shayi.

Asirin wa aka rufa? Unguwa duk ta sani, har yaran da ke ɗiban ruwa a famfo. Abin da kawai aka ɓoye shi ne sunayen samarin daga takardar hukuma. Kuma kowane yaro ɗan shekara 15 a layin ya koyi darasi: abin yana da farashi, farashin jika ɗari ne, uba ke biya.

Sarki ya fi ni sanin doka. Kundin hukunta laifuffuka na ƙasar nan, a gyaran 2003, ya tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ga wanda ya yi fyaɗe, in yarinyar ba ta kai shekara 13 ba kuwa, 15 zuwa 30. Dokar 2015 da ta tsara aikin sarakunan gargajiya ta ba su ikon sasanta mutane a kan gona, gado, aure, bashi da makamantansu. Ba ta ba kowa ikon sasanta fyaɗe ba. Addini ma bai ba mu ba. Ban taɓa jin malamin da ya karanto mana inda aka ce a biya uban yarinya a sallami wanda ya keta mata haddi ba.

Kada a ɗauka na zo in tsine wa samari ne. Da yawansu ni na koya musu baƙi da wasali. Wani da ake tsoro yanzu a wata pale, wato matattarar samari masu adda da gora, wanda ya ɗaɗɗaga ƙarfe har wuyansa ya haɗe da kafaɗa, na san shi yana kuka a aji ɗaya saboda an karya masa allo. In ya gan ni har yau yakan ɓoye sigari a bayansa ya durƙusa ya ce, "Madam, ina wuni." Wannan durƙuson shi ke hana ni fid da rai.

Kuma akwai abin da na daɗe ina juyawa a zuciya. Da samarin garin nan suka fara kafa majalisunsu na shayi a bakin titi, sunan da suka zaɓa shi ne fada. Da wasu suka rikiɗe suka ɗauki adda da gora, suka rarraba unguwanni kamar gonar gado, sai suka kira wurin zamansu pale, wato gidan sarki da Faransanci. Sau biyu ke nan suna aron sunan gidanka, ranka ya daɗe. Suna da shugaba, suna da mai horo, suna da doka, wanda ya saɓa a hukunta shi. Yaron da ya tashi a garin Sarki Tanimun, yana kallon dogarai da algaita ranar hawan Salla, ya san mene ne girma, yana kuma son a ce shi ma wani ne. Da bai samu a gida ba, bai samu a makaranta ba, sai ya je ya gina nasa da siminti da tsohon ƙarfen mota. Ba kowace fada ba ce pale, wannan dole a faɗa. Akwai fadodin da ke yashe kwalbati, suna haƙa kabari, suna gadin layi da dare ba a biya su ko sisi. Amma mu da muka ga zamanin Samariya, ƙungiyar matasa ta gwamnati, a mulkin Seyni Kunce mun san cewa a lokacin kowace unguwa da sarkin samarinta, wanda dattijai suka sani, wanda in abu ya faru shi ake fara kira. Samariya tana da nata aibin, gwamnati ta yi ta amfani da ita don kanta. Sai dai da ta mutu ba a aza komai a gurbinta ba.

Za a ce rashin aiki ne. Gaskiya ne, da sauƙi a faɗa. Tun 2011 matatar mai ta SORAZ ke aiki a arewacin gari, yaranmu kuwa aikin man da suka samu shi ne tallan fetur a kwalba da ɗauko jarkoki ta daji da dare. Wanda ya samu babur ya shiga kabu-kabu, ya haɗiyi tramol don ya jure. Unguwar Kara-Kara, da aka kafa don a nisanta kutare daga cikin gari, har yau in yaro ya ce daga can yake sai a canza fuska. Duk na yarda. Amma samari ukun nan na layinmu babu ɗan Kara-Kara a cikinsu, kuma babu wanda ya kwana da yunwa. Ɗaya ma uban yana da shago a kasuwar Dole. Talauci bai taɓa tura kowa kango ba. Abin da ya tura su shi ne sanin cewa ba abin da zai faru.

Mu manya ma mu duba tafin hannunmu. Uwa tana karɓar jika biyar daga hannun ɗan da ta san ba ya aiki, ta sa albarka, ba ta tambaya. Uba yana fita tun asuba bai san inda ɗansa ya kwana ba. Lokacin siyasa mun ga waɗanda ke sauke buhun sukari da kwalin shayi a pale, su ba da kuɗin mai, bayan zaɓe su ce ƴan iska ne. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, da aka ƙone coci-coci da cibiyar al'adun Faransa a garin nan, kowa ya yi ta tambayar daga ina yaran nan suka fito. Daga ɗakunanmu suka fito. Ni kaina a zauren can ina bayan katanga na yi shiru, don ina jin nauyin maƙwabtaka. Ba na cire kaina.

Sai batun ruwa, wanda a Damagaram ba ya rabuwa da kowace magana. In bazara ta yi, famfo ba ya kawowa sai tsakar dare, wanda ba shi da kuɗin ƴan garuwa kuwa ɗiyarsa yake tasa. Yarinya da jarka a ka, ƙarfe uku na dare, a lungun da ba fitila. Ba sai na ƙarasa ba.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar kuɗin wata ƙungiya. Sarki ya tara masu unguwanni da limamai, ya faɗa musu da bakinsa cewa daga yau maganar fyaɗe ba ta zaure ba ce. Duk wanda aka kawo wa, aikinsa ya sa a kai yarinya likita a ranar, ba wanka, ba wanki, sannan ya raka uban zuwa wajen ƴan sanda masu kula da ƙananan yara, ya tsaya kusa da shi. Talaka ba ya iya shiga kwamisariya shi kaɗai yana ƙarar ɗan mai kuɗi, amma in mai unguwa na gefensa zai shiga. Wanda kuma aka samu ya shafa Fatiha a kan irin wannan, fada ta san yadda take yi da rawanin da ya ba ta kunya. Limamai su ɗauki huɗuba guda su ce wa jama'a abin kunyar na wanda ya aikata ne, don mata ba za su yarda da wannan daga bakina ba, amma daga mumbari za su yarda. Dokar da aka sa wa hannu a Disamban 2017 don kare karatun ƴaƴa mata tana nan a takarda, kalma ɗaya daga fada za ta sa uba ya ji kunyar cire ɗiyarsa daga aji don laifin wani.

Shugabannin pale kuma a kira su, ba ranar da aka kama su kawai ba. Tunda sunan gidanka suka ara, a nuna musu abin da sunan ke ɗauke da shi: duk mai fada shi ke amsa tambaya in aka taɓa yarinya a yankinsa. Na san su. In aka ɗora musu wannan a gaban Sarki, wasunsu za su riƙe shi fiye da yadda muke zato.

Yarinyar tana ƙauye har yanzu. Na ji an fara maganar aurar da ita bayan kaka. Jakar makarantarta tana ɗakina, uwar ce ta kawo mini ajiya don ba ta iya kallonta. In Sarki ya aiko, zan faɗi unguwar da gidan, amma a kunnen Sarki kaɗai.

Allah ya taimaki Sarki.

Ɗiyarka,
wata tsohuwar malamar makaranta,
Zinder.