Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sarkin Kasuwarmu: Mudu Ma Alkawarin Allah Ne

Ranka ya daɗe, Baba Sarki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da uba, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da juriyar ɗawainiyar jama'a. Na san rumfarka ba ta da ƙyaure, da na so sai in tako in durƙusa in faɗa maka a kunne. Na zaɓi in rubuta a fili ne saboda maganar ta shafi duk wanda ke riƙe mudu a Zariya, daga cikin birni har Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, kuma ni ma ina cikinsu. Shekarata 23 ina awo a rumfar da na gada wurin mahaifina, abokinka, Allah ya jiƙansa.

Kwanakin baya wata dattijuwa mai tuyar ƙosai, wadda ta daɗe tana awo a wurina, ta dawo mini da wake tiya 3 a ƙulle cikin tsohon zane. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tsuguna ta kwance ƙullin, ta cika tafinta ta kawo mini kusa da hanci, ta ce, "Ɗan nan, sansana." Warin fiya-fiya ne, irin wanda ke kama maƙogwaro. Ta ce ta jiƙa, ta surfa, ta canza ruwa sau uku, warin yana nan. Sai ta ce, "Yaran makaranta ne masu sayen ƙosaina da safe. Wannan zan ba su?"

Baba, ba ni na zuba maganin ba, a hannun wani dillali na sayi buhunan. Amma ranar da na farke bakin buhun farko na ji warin, na ce a raina iska za ta kwashe shi. Na ji, na yi shiru, na auna wa mutane. Wannan shirun ne ya hana ni barci, shi ne kuma ya sa na ɗauki alƙalami.

Tun muna makarantar allo, kafin mu fita izun Amma, aka rubuta mana "Wailun lil muɗaffifina", azaba ta tabbata ga masu tauye awo, waɗanda in za su karɓa sai an cika musu, in za su bayar sai su rage. Mun haddace muna yara, mun wanke allo mun wuce. Amma ayar da ta fi tsaya mini a rai yanzu ita ce ta 152 a Suratul An'am. A cikinta Allah ya ce kada a kusanci dukiyar maraya sai ta hanya mafi kyau, a cika mudu da sikeli da adalci, in za a yi magana a faɗi gaskiya ko da a kan ɗan'uwa ne, sannan ya rufe da cewa a cika alkawarin Allah. Duba inda aka ajiye mudu: tsakanin haƙƙin maraya da alkawarin Ubangiji. Mu kuwa mun ɗauka alkawarin Allah yana ƙarewa ne a ƙofar masallaci, da mun sa takalmi sai mu shiga wata duniya mai dokarta daban.

Ba mu muka fara wannan tunani ba. Mutanen Madyana 'yan kasuwa ne masu hannu da shuni, har Annabi Shu'aibu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ce musu yana ganinsu cikin wadata. Da ya hana su tauye awo sai suka tambaye shi, wai sallarsa ce ke umartarsa ya hana su yin abin da suka ga dama da dukiyarsu? Wannan tambayar ina jin ta kullum a kasuwarmu, da wasu kalmomi. "Malam, nan kasuwa ce." "In ba ka yi haka ba, ba ka fita." Tun kafin su yi tambayar ya riga ya gaya musu, kamar yadda ya zo a Suratu Hud: abin da Allah ya bar muku na halal shi ya fi alheri a gare ku, in kun kasance muminai.

Kai ka fi ni sanin abin da muke kira iya kasuwa. Mutum na da mudu biyu, mai faɗin ciki na sayen kayan manomi, da wanda aka bubbuge gindinsa ya shige ciki na sayar wa mai cefane. Akwai mai tallafe tozon mudu da hannu in yana saye, in yana sayarwa kuma ya girgiza tozon ya zube. Buhun da aka san tiya 40 ne a kwashe biyu a sake ɗinkewa. A sa kyakkyawar shinkafa a baki, tsakuwa da ɓuntu a ƙasa. Wanda ya ƙware a wannan shi ake nunawa da baki a ce wane akwai kai, shi yara masu tasowa ke kwaikwayo. Ni ina ganin nan ne asalin ciwon, mun sauya wa abubuwa suna. Wayo muke kira hikima. Ƙaruna ma da aka yi masa nasiha cewa ya yi iliminsa ne ya tara masa dukiya, kuma kowa ya san ƙasa ce ta haɗiye shi da gidansa.

In ana neman ɗan hatsi mai hikima, Annabi Yusufu ne. Ya tara abinci shekara 7, ya ce a bar shi a zangarniyarsa sai kaɗan da za a ci, irin yadda kakanninmu ke jera damman dawa a rumbu ba tare da an sussuka ba. Ajiya ce shi ma ya yi, amma don ranar da mutane za su nema su samu. Tamu ajiyar ta koma kulle sito a jira kukan mutane ya yi ƙarfi. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mun ga yadda abinci ya gagari talaka, mun kuma ga waɗanda suka ci bashi suka cika sito suna jiran ya ƙara hawa. Da farashin hatsi ya karye a 2025, da yawansu uwar kuɗin ma ba ta dawo ba. Ban faɗi haka don murna ba, akwai 'yan'uwana a ciki, akwai kuma manoman da karyewar ta taɓa ba su ji ba ba su gani ba.

Maganar wake kuwa ta wuce tauye awo, ta kai ga rai. Sniper da fiya-fiya guba ne, ba a yi su don a kwarara cikin abin da mutum zai ci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan sinadarin nan da aka riƙa samu a ciki, a 2016 kuma ta ƙara wa'adin da shekara 3. Wayon mutum ɗaya na tsare buhunsa daga ƙwari ya rufe wa ƙasa guda kasuwa. Waken da Turawa suka ƙi kuwa ba teku aka zuba shi ba, mu muke cinsa a alala da ƙosai da garau-garau. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganin matsalar yana bayan gidanmu. Akwai buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. In wake ya bushe sarai aka ɗaure kowane ruɓi tam, iska ce ke ƙare wa ƙwaron ya mutu, ba ɗigon magani. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello nan Samaru, ita ke fitar da irin wake da masara da dawa da ake nomawa a faɗin Arewa. Daga wasu jihohi ake zuwa ɗaukar ilimi a Zariya, mu da kuɗin mota ɗaya zai kai mu ba mu je ba.

Ka san mahaifina. Mudunsa ɗaya ne, na saye na sayarwa, har gefensa ya lashe don hannu. Ba zan ce maka gaskiya ta sa ya yi kuɗi ba. Sa'o'insa sun sayi manyan motoci, shi keke ya bari da rumfa da gidan ƙasa. Ina yaro wannan yana damuna. Sai da ya rasu na gane abin da ya tara. Kakar farko bayan rasuwarsa, manoman da ke kawo masa kaya daga wajen Giwa da Soba suka sauke mini buhuna a bakin rumfa, ba takarda ba shaida, suka ce in na sayar na kawo. Ba ni da jarin buhu biyar a lokacin. Sunansa ne ya zame mini jari, da shi na yi aure, da shi nake ciyar da ƙannena da 'ya'yana har yau. Bai taɓa kwana da fargabar wani zai zo da ƙara ba, bai bar mana bashin kowa ba. Da na ce arziki, wannan nake nufi. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce mai saye da mai sayarwa in suka yi gaskiya suka bayyana aibin kaya, za a sa albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya a shafe albarkar. Bai ce ba za su ci riba ba. Ribar tana zuwa, sai dai ta bi ta asibiti da kotu da 'ya'yan da ba sa jin magana ta fice. Wannan sunan na mahaifina shi na kusa sayarwa a kan 'yan buhunan wake.

Akwai hadisin Abdullahi ɗan Umar da malamanmu ke yawan kawowa, mai lissafa abubuwa biyar. A ciki an ce mutane ba za su tauye mudu da sikeli ba face an kama su da fari da tsananin rayuwa da zaluncin shugabanni, ba za su hana zakka ba face an hana su ruwan sama, ba za su warware alkawarin Allah da Manzonsa ba face an ɗora musu maƙiyi ya ƙwace wani abu na hannunsu. Ba hurumina ba ne in nuna wata musiba in ce ga zunubin da ya jawo ta. Amma mu da muke zama a rumfa muna zagin shugabanni daga safe har la'asar, ya kamata mu ji tsoron cewa an haɗa zaluncinsu da mudunmu a jimla ɗaya. Maƙwabcina a layi Kirista ne ɗan Wusasa. Da muka yi wannan hira ya ce su ma a Littafi Mai Tsarki, cikin dokokin alkawarin da aka ba Annabi Musa, an hana mutum ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, an kuma ce mai cikakken ma'auni zai yi tsawon kwana a ƙasarsa. Ke nan duk layinmu babu wanda zai ce addininsa bai gaya masa ba.

Wani zai ce to kowa ya gyara tsakaninsa da Allah mana, me ya kawo Sarkin Kasuwa ciki? Abin da ya kawo ka shi ne mai gaskiya shi kaɗai ba ya iya tsayuwa. In na auna da cikakken mudu, na kusa da ni ya auna da bugagge ya rage naira hamsin, wurinsa mai cefane za ta nufa, don farashi take ji, ba ta ganin gindin mudu. Haka ake tura mutanen kirki cikin algus ɗaya bayan ɗaya. Manzon Allah da kansa ya shiga kasuwa ya cusa hannu cikin tarin abinci, ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ranar da aka naɗa maka rawani, wannan hannun ka gada.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka tara shugabannin layuka a fitar da mudu ɗaya da tiya ɗaya masu hatimi, a rataye na gwaji a rumfarka inda kowace mata za ta iya zuwa ta sake auna abin da aka ba ta ba tare da an harare ta ba. Wanda aka kama da biyu a fara yi masa nasiha a asirce, in ya sake a rufe rumfarsa na kwanaki, ko ɗan waye. Buhun waken da ke warin magani kada ya kwana a kasuwa, kuma a bi sawunsa har wurin dillalin da ya kawo. Ka aika Samaru a roƙi malaman gona su zo su nuna mana ɗaurin buhun nan kafin sabon wake ya shigo, in kai ka kira za su amsa. In kaka ta yi kuma a samu malami ya zauna da mu kan zakka, don da yawanmu mun san ta manomi, ɗaya bisa goma in noman damina ne, amma mun manta kayan rumfa ma akwai ɗaya bisa arba'in a kansu in sun kai nisabi shekara ta zagayo.

Dattijuwar nan na mayar mata da kuɗinta, na nemi gafararta, ta yafe. Sauran waɗanda na auna wa kafin ta zo, wasu na gane su na bi su gida, wasu kuwa masu wucewa ne. Ragowar buhunan na fitar da su bayan gari na haƙa rami na binne. In ka amince da gwajin mudun nan, Baba, ina roƙon a fara da rumfata.

Allah ya ja zamaninka.

Ɗanka,
Wani ma'aunin hatsi, Zariya