Wasiƙar iyaye: bitar da malamanmu suka yi kan koyar da sauyin yanayi

Assalamu alaikum iyayenmu maza da mata, da duk masu riƙon yara. Ya gida, ya zafi, ya kuma haƙuri da ɗawainiyar yaran nan? Allah ya ba da lada.

Na san da yawanku sun yi ta tambayar dalilin da ya sa aka tashi yara da wuri ranar Laraba da Alhamis ɗin da suka wuce, har wata Hajiya ta tare ni a bakin get tana cewa "Malam, ko dai yajin aiki kuka shiga ba ku faɗa mana ba?" To Hajiya ba yaji ba ne, bita muka zauna ta kwana biyu, mu malamai, a kan yadda za mu riƙa koya wa yara darasin sauyin yanayi. Laifinmu ne da ba mu turo sanarwa da wuri ba, a yi mana afuwa.

Bari in fara da abin kunyar. Wanda ya jagoranci bitar, wani malamin jogarafi ne da muka gayyato daga kwalejin ilimi, yana shigowa ko zama bai yi ba ya raba mana takardu ya ce kowa ya rubuta abin da ke sa duniya ɗumama, kar a sa suna. Da aka tattara aka karanta sai ga shi yawancinmu, har da ni mai rubuta muku wannan wasiƙa, ɓulewar ozon muka rubuta, wai sama ta huje rana na shigowa. Ashe abu biyu muke cakuɗawa shekara da shekaru muna ɗura wa yaranku. Ozon wani rufi ne can sama da ke tare mana haske mai cutarwa daga rana, iskar tsofaffin firji da gwangwanayen feshi ce ta ci shi, ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal a 1987 aka daina amfani da ita, yanzu ma yana ta warkewa. Ɗumamar duniya kuwa maganarta daban: fetur da dizal da gas da kwal da ake ƙonawa suna fitar da iskar kabon, ita kuma ta taru a sama ta hana zafin da ƙasa ta sha da rana ya fice, kamar dai a lulluɓa wa mutum bargo a watan Afrilu. Kafin zamanin masana'antu wannan iska kusan kashi 280 ce cikin miliyan, yanzu ta haura 420, kuma 2024 ita ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi.

Akwai lamba ɗaya da na ce lallai kowane malami ya riƙe ta: duk nahiyar Afirka gaba ɗaya hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Dalilina shi ne ba na son yaro ya dawo gida ya tsaya a kan mamarsa tana hura murhu ya ce ita ta jawo mana zafi. Sare itatuwa ba shuka yana da illa a nan inda muke, yana buɗe wa iska da rairayi hanya, wannan za mu koyar, amma ba za mu ɗora wa mai dafa tuwo laifin manyan masana'antun Amurka da Sin da Turai ba.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne kan kalmar yanayi ita kanta. A Hausa in ka ce yanayi, na yau kake nufi ko na shekaru? Duk ɗaya muke cewa, shi ya sa da hunturu ya kankama yaro zai ce Malam ina ɗumamar take ga mu muna rawar ɗari. An yi musu sosai har shayi ya huce, daga ƙarshe muka tsaya a kan cewa a aji za a riƙa bambanta "yanayin yau" da "halin gari". Na yau shi ne hadarin da ya haɗo da la'asar, halin gari kuwa sai an duba kamar shekara 30 a jere kafin a ce ya canza. In kun ji yara na faɗin haka a gida, daga nan ne.

Sai misalai. Littattafan da muke da su hoton ƙanƙara na narkewa suke kawowa, yaron da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin kular mai zoɓo, me zai ɗauka a ciki? Alhali ga Tafkin Chadi nan, wanda a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, ya zo ya rasa kusan kashi 90 cikin 100 bayan farin shekarun 1970 da 1980. Ga ambaliyar 2022 da ta ci rayuka sama da 600 a Najeriya, mutanen Jigawa ba za su manta ba. Ga ta Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Amma fa mai bitar ya ja mana kunne, kuma na yarda da shi, kar komai ya faru mu ce sauyin yanayi ne mu naɗe hannu. Ruwa na sauka da ƙarfi fiye da yadda aka saba, eh, amma kwatar unguwa da ta toshe da ledar fiya wata da gidan da aka gina a kan hanyar ruwa, wannan aikin hannunmu ne, kuma yaro ya kamata ya iya rarrabe su.

Malamin Islamiyyarmu ne ya kawo tambayar da na san tana ran wasunku, ya ce to in yaro ya ce ruwa na Allah ne fa? Ai kuwa na Allah ne, babu mai ja. Shi da kansa ya ba da amsa, ya tuna mana Annabi Yusuf, alaihissalam, da aka sanar da shi shekara bakwai na fari na tafe sai ya sa aka tara hatsi a zangarniyarsa, da kuma hadisin da ke cewa ko tashin ƙiyama ya zo da dashe a hannunka, in za ka iya, ka dasa. Ɗakin ya yi tsit. Shi zai riƙa shiga wasu darussan tare da malamar kimiyya.

Abin da ya fi burge ni a duk bitar labarin maƙwabtanmu ne na Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1980 manoma a can suka daina tumɓuke kututturan da ke tsirowa a gona, sai su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su sassabe sauran su bar shi ya girma, ba gandun dashe ba tankar ban ruwa, kuma ta haka aka farfaɗo da itatuwa a fili kusan hekta miliyan 5. Yawanci gawo ne, kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye sai ya bar wa gero rana ya kuma ba shi taki, da rani ya yi kore dabbobi su ci 'ya'yansa. Irin wannan nake so yaranmu su ji, don kar darasin ya zama na tsoratarwa kawai, balle akwai yara a cikinmu da ruwa ya taɓa rushe musu ɗaki, malamai sun san su kuma an ce a bi da su a hankali.

Yanzu ga inda muke buƙatarku. 'Yan aji huɗu zuwa shida za su zo da aikin gida na hira da tsofaffi: yaushe ake yin shuka a da, wane wata rijiya ke ƙafewa, wane itace ne a unguwa da yanzu babu shi. Don Allah Baba, don Allah Inna, in jika ya zo da littafi a ba shi minti goma, kar a ce je ka tambayi malaminku, ku ne littafin a wannan karon. Wanda kakanninsa ke ƙauye a taimaka masa da kira ɗaya a waya.

Kowane yaro kuma ya zo da gorar roba babba wadda aka gama da ita, a wanke. Za a yanke wuyanta a kifa shi ciki kamar mazurari, a manna rula a jiki, shi ke nan an samu ma'aunin ruwan sama. Duk safiyar da aka kwana da ruwa monita zai duba ya rubuta a allo, ƙarshen damina mu gwada da hasashen da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, ke fitarwa duk shekara, wanda har da Hausa ake fassara shi. Yankan gorar malamai ne za su yi, kar a ba yaro reza.

Kowane aji zai samu itace ɗaya, darbejiya ko zogale ko mangwaro, sai dai matsalarmu awaki da dogon hutu, na bara duk sun tafi a haka. Wanda ke da tsohon kwando ko ragowar waya ta shinge ko bulo da ba ya amfani da su ya turo, kuma muna neman gidaje biyu uku na kusa da makaranta da za su ɗauki ban ruwa lokacin hutu.

Ba a ce kowa ya kawo ko sisi ba. In yaro ya ce an ce a ba da kuɗin bishiya, a zo ofis a same ni. Sauran bayani sai a taron iyaye da malamai na Asabar ta ƙarshen wata, ƙarfe goma na safe, a zo da wuri kafin rana ta buɗe don rumfar ba ta ɗaukar kowa.

Wassalam,
Shugaban makaranta