Sanarwa: Tattaunawar Asabar kan Awkwafina

Salamu alaikum ƴan uwa. Ranar Asabar bayan Isha'i za mu tattauna kan ƴar fim ɗin Amurka Awkwafina, wato Nora Lum, haifaffiyar New York a 1988, uba ɗan asalin Sin, uwa ƴar Koriya. Da waƙar gambara ta fara a YouTube a 2012, barkwanci ya fito da ita a fim ɗin Crazy Rich Asians a 2018.

Don Allah kowa ya kalli fim ɗinta The Farewell kafin ranar. Shi ya ba ta kyautar Golden Globe, wata babbar lambar yabo ta fina-finai a Amurka, a 2020. Ku nemi wanda ke da rubutacciyar fassara a ƙasan allo, domin yawancin hirar da Sinanci ake yi, in babu za ku rasa zaren labarin. Ku lura da yadda Awkwafina, wadda aka sani da surutu, ta rage murya, ta bar kafaɗa da ido suna magana.

Za mu kuma taɓo sukar da ta sha kan kwaikwayon salon maganar baƙaƙen fatar Amurka. A zo da hujja.