Ba Skanderbeg kaɗai ya yaƙi Turkawa ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

In ana maganar turjiyar Albaniya ga Daular Usmaniyya ta Turkawa, Skanderbeg, fitaccen jagoran yaƙin Albaniyawa, kawai ake ambata, alhali tun 1432 wani basaraken ƙasar, Gjergj Arianiti, ya tayar da bore, bayan Turkawa sun ƙidaya filaye sun raba wa mahayansu a madadin albashi. Ƙasa ce tushen rigimar.

A ranar 2 ga Maris 1444 gidajen sarautar Kastrioti (gidan su Skanderbeg), Arianiti, Dukagjini, Muzaka da Thopia suka ƙulla ƙawance a garin Lezhë, suka ɗora Skanderbeg a kan rundunar. Sai dai kowane basarake ya riƙe ƙasarsa da dakarunsa, in ya ga dama ya janye. Ko Hamza, ɗan ɗan'uwan Skanderbeg, komawa wajen Turkawa ya yi.

Dabarar Albaniyawa ita ce a bar dakaru kaɗan cikin ganuwar Krujë, birnin da Skanderbeg yake mulki, sauran su hau duwatsu suna tare ayarin abincin abokan gaba. Da haka aka tilasta wa Sarkin Turkawa Murad na Biyu janyewa a 1450. Ɗansa Mehmed ya gano lagon, ya gina sansanin Elbasan a 1466 don sojojinsa su zauna rani da damina. Skanderbeg ya rasu a 1468, yunwa kuma ta sa Krujë miƙa wuya a 1478.

Wassalam.